Malamin da Ya Koma Ɗalibi: Nasiha ga Ƙannena Masu Riƙe da Alli

Ƙannena malamai, maza da mata, da ku da kuke kwalejojin ilimi kuna jiran a tura ku koyarwar gwaji, da ku da kuka riga kuka karɓi aji kuna shan ƙurar alli, ku ba ni aron hankalinku. Maganar komawa karatu zan yi da ku, karatun fasahar koyarwa musamman. Na san abin da wasunku za su ce tun ban rufe baki ba. Albashi ba ya kai wata, wuta ba ta zama, yara sun cika aji har bakin ƙofa, wasu a ƙasa suke zaune, sannan a zo ana yi mana zancen kwamfuta? Tambayar tana kan hanya, kuma ba zan kauce mata ba.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta ajiye fensir da takarda. Duk yaron da ke son shiga jami'a, daga Birnin Kudu ya fito ko daga Illela, sai ya zauna gaban kwamfuta. A 2024 WAEC ma ta fara yi wa masu rubuta jarrabawa a ƙashin kansu tasu jarrabawar ta kwamfuta. Ku kanku, jarrabawar TRCN da ke ba ku lasisin koyarwa a kwamfuta ake yin ta. Yaron da ya san amsa amma hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, yana kallon lokaci na tafiya, akwai alhakinsa a wuyan makarantar da ta yaye shi bai taɓa taɓa na'urar ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma a wurina ita ce ƙarama. Babbar hujjar ita ce, na'urori suna shigowa makarantunmu ko mun so ko mun ƙi, ta hannun gwamnati, ta hannun ƙungiyoyin agaji, ta aljihun yaran kansu. Dole a sami wanda zai tsaya a aji ya ce wannan tana da amfani a darasin yau, wannan kuwa a ajiye ta. Idan malami bai iya yanke wannan hukunci ba, ɗan kwangila ne zai yanke masa.

Ba yau aka fara yi wa makaranta alkawarin cewa na'ura za ta share mata hawaye ba. Iyayenmu sun ga motar majigi tana bin garuruwa tana nuna finafinan tsafta da noma. An yi shirye-shiryen makarantu a rediyo daga Kaduna, har aka kafa cibiyar fasahar ilimi ta ƙasa a can. A Nijar kuwa, tun 1964 aka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin da taimakon Faransa, a lokacin da yawancin ƙasashen Afirka ba su kawo wannan a ransu ba. An yaba shirin ƙwarai, amma bai taɓa kaiwa ga yawancin yaran ƙasar ba, daga bisani aka bar shi. Kwaddibuwa ta yi nata wanda ya fi girma daga 1971, ta rufe shi a farkon shekarun 1980 bayan iyaye da malamai sun yi ta ƙorafi.

A zamaninmu kuma, a 2005 wani masani na jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta mai arha, wadda aka ce za ta tsaya a dala 100. An gwada ta a nan Najeriya, a wata firamare da ke Galadima kusa da Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi fiye da 800,000 ta raba. A 2012 bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar da binciken da ya yi a makarantun karkara 319 na ƙasar. Yara sun iya sarrafa kwamfutar, babu shakka, amma a lissafi da karatu ba a ga sun ɗara waɗanda ba a ba su ba. A 2023 UNESCO ta keɓe rahotonta na ilimin duniya ga wannan batu, ta nuna cewa ingantattun hujjojin amfanin fasaha a aji ba su da yawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake yaɗawa masu sayar da kayan ne suka samar da su.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, kusan kullum na'ura ake fara saye, sai in kuɗi ya yi saura a tuna da malami, a tara shi taron bita na kwana uku, a ba shi kuɗin mota da takardar halarta. Kun san sakamakon, domin kun gan shi da idonku: ɗakin kwamfuta a kulle, makulli a aljihun wanda ya tafi hutu, na'urori a lulluɓe da leda suna jiran ranar da baƙi za su zo. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, abin ya fito fili. Jihohi sun koma ga rediyo da talabijin, makarantun kuɗi sun koma ga WhatsApp. Malamin da ya iya tsara darasi na minti goma wanda yaro zai fahimta ba tare da ya ga fuskarsa ba, shi ya ci gaba da koyarwa. Sauran sun zauna a gida, yaransu ma haka.

To me ake koyo a kwas ɗin fasahar koyarwa da ya wuce danne-danne? Nan nake so mu ɗan zauna, domin da yawa suna shiga da zaton za a koya musu buga takarda da haɗa hotuna su yi ta juyi a bango. Waɗannan ana koyonsu cikin mako biyu, ƙaninka na gida ma zai iya nuna maka. A 1986 wani malamin jami'ar Stanford, Lee Shulman, ya jawo hankali ga cewa sanin lissafi daban, sanin dabarun koyarwa daban, kuma akwai ilimi na uku wanda shi ne jarin malami: sanin yadda ake koyar da wannan darasi takamaimai, da inda yara suka saba yin tuntuɓe a cikinsa. Bayan shekara ashirin, a 2006, Punya Mishra da Matthew Koehler na jami'ar jihar Michigan suka ƙara sanin na'ura a kan wannan. Za ku haɗu da sunayensu a kusan kowane kwas na fasahar koyarwa, za a zana muku da'ira uku masu shiga juna, za ku haddace don jarrabawa. Ina roƙonku kada ku tsaya a haddar. Abin da suke nufi shi ne tambayar farko ta malami ta kasance: wane wuri ne yarana suke kasa ganewa a wannan darasi, kuma me ya sa? Sai ya amsa wannan sannan ya waiwayi na'ura, ya ga ko tana da abin da za ta ƙara.

Ɗauki malamin kimiyya a ƙaramar sakandare da zai koyar da yadda lantarki ke zagayawa a waya. Matsalarsa a bayyane take: abin ba ya ganuwa, makarantar ba ta da ɗakin gwaji, kuma yara da yawa suna zaton wutar tana fita daga batir ta ƙare a cikin ƙwan fitila, ba ta komawa. Akwai manhajojin kwaikwayon gwaji na PhET, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ya assasa a jami'ar Colorado a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke su a yi aiki da su babu intanet. Yaro zai haɗa batir da waya da ƙwai a fuskar na'ura, ya ga abin yana zagayawa, ya yanke waya ɗaya ya ga komai ya tsaya cak. A nan na'ura ta yi abin da alli ba zai iya ba. Amma malamin da ya yi karatu ba zai kunna ya ce su kalla kawai ba. Zai fara tambayarsu: in na ƙara ƙwai na biyu a kan layi ɗaya, hasken zai ƙaru ko zai ragu? Kowa ya faɗi nasa, a yi gardama, a rubuta a allo, sannan a gwada. Yaron da ya ci alwashin cewa hasken zai ƙaru, ya ga ya ragu a gaban abokansa, ba zai manta ba har ya tsufa.

Haka malamin lissafi da manhajar GeoGebra, wadda ita ma kyauta ce. Ya zana alwatika, ya ja kusurwa ɗaya ya miƙar da ita, ya matse ta, lambobin kusurwoyi suna ta canzawa a gaban yara, amma jimlarsu tana nan a 180. Abin da za ka zana sau ashirin a allo kafin yara su yarda, sun gan shi cikin minti biyu. Haka malamar Islamiyya da ke fama da mafitar haruffa, ta ɗauki muryar yarinya a waya ta kunna mata kusa da karatun gwani, yarinyar ta ji bambancin da kunnenta.

Akwai kuma darussan da na'ura ba ta da hurumi a cikinsu, kuma kwas mai kyau zai ba ka ƙarfin zuciyar faɗin haka. In za ka koya wa 'yan aji uku rabi da kwata, lemo da wuƙa sun fi kowane bidiyo. In tsirowar iri ce, a zuba ƙasa a gwangwani a shuka wake, kowane yaro ya riƙa shayar da nasa yana auna tsawonsa. Kwali da maka da murafun kwalba, duk kayan koyarwa ne, kuma a kwalejojinmu ana koyar da haɗa su a cikin wannan fanni na fasahar koyarwa. Kada wanda ya sa ku raina su. Na'ura kamar gishiri take a miya: mai girki ce ta san inda za ta sa da yawan da za ta sa, akwai kuma abincin da ba ya son ta sam.

Wani abin da za ku amfana da shi, in kun mai da hankali, shi ne binciken da aka yi kan yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar hoto da magana. Richard Mayer na jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje a kan wannan. Ya nuna cewa mutum ya fi fahimta in aka haɗa masa hoto da bayani, a kan a ba shi bayani zalla. Ya kuma nuna cewa kayan ado da ba su da alaƙa da darasi, kiɗa ne ko zane mai motsi, suna rage fahimta, kuma in ana nuna hoto ana bayani da baki, sake cika fuskar na'ura da rubutun abin da ake faɗa yana raba hankalin mai koyo. Ku tuna da wannan duk ranar da kuka ga malami ya kwashe littafi kaf ya zuba a majigi, ya juya wa yara baya yana karanta musu. Ya ƙona man janareta, ya kashe rabin lokacin darasi wajen haɗa wayoyi, abin da ya samu bai kai na allo ba.

Za ku kuma ji labarin binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006, wanda ya nuna cewa ɗalibin da aka sa ya rufe littafi ya tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda, a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa. Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba, don ya san ba a wanke allo sai an ba da hadda, kuma ya san darajar tishi. Amfanin na'ura a nan shi ne ta sauƙaƙa maka yin ƙananan tambayoyi akai-akai, ta tattara maka amsoshi, ka ga cewa tambaya ta huɗu ce ta kayar da rabin aji, gobe ka san inda za ka fara. In babu na'ura, 'yan tambayoyi biyar a farkon darasi da ɗaga hannu za su yi aikin. Hikimar ce abin nema.

Akwai darasi ɗaya da nake so ku ba shi muhimmanci fiye da yadda aka saba, wato ƙaramar koyarwar gwaji da ake yi a gaban 'yan'uwa ɗalibai. A Stanford aka faro ta a 1963: malami ya koyar na 'yan mintuna, a ɗauke shi a bidiyo, ya kalli kansa, a yi masa gyara, ya sake. A wancan lokaci sai babbar jami'a ke da kayan ɗaukar. Yau suna cikin aljihunka. Jingina wayarka a bayan aji, da izinin shugaban makaranta, ka saita ta a kanka da allo, ka koyar kamar yadda ka saba, da dare ka zauna ka kalla kai kaɗai. Za ka ga abin da babu sufeton da zai gaya maka. Za ka ga kana yin tambaya ka amsa da kanka kafin yaro ya buɗe baki. Za ka ga 'yan gaba kaɗai kake kira, 'yan matan da ke gefen taga ba ka waiwaye su ba ko sau ɗaya. Za ka ji sau nawa ka ce “kun gane?” suka amsa baki ɗaya, kai kuma ka wuce. Kallon yana da nauyi a zuciya, amma ban san wata hanya da ta fi ta saurin gyara malami ba, kuma ko sisi ba ta ci.

Wuraren karatu kuwa ba su yi ƙaranci ba. Mai NCE ya riga ya ɗanɗana fannin a kwaleji. Cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, tana Kaduna tun 1976, kuma don malamin da ke bakin aiki aka kafa ta, ya yi karatu bai bar ajinsa ba. Akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita bayan shekara guda, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu suna ba da difloma da digiri na biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da babbar makarantar horon malamai a jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Ga kuma kwasa-kwasan intanet, da yawansu kyauta. Kafin ka biya kuɗi ko'ina, ka tabbata hukumar da ke kula da jami'o'i ko ta kwalejojin ilimi ta amince da kwas ɗin, in takardar ƙarin girma kake nema. Masu buga satifiket a bayan shago sun yi yawa.

Shiga ba ta da wuya, gamawa ce aiki. Wani bincike da aka buga a 2019 kan kwasa-kwasan intanet na jami'o'in Harvard da MIT ya nuna cewa waɗanda ke kaiwa ƙarshe ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu rajista ba. Su ke nan da ke da wuta da intanet. Kai da za ka tashi daga makaranta ka wuce gona ko shago, ke da za ki dawo ki tarar da girki da yara, in ba ku yanka wa karatun lokacinsa ba, ba zai samu ba. Zaɓi sa'a guda da ka san taka ce, bayan Asuba ko bayan Isha'i, ka tsare ta. Sauke darussa lokacin da data ke da arha ko inda ka sami intanet na kyauta, ka karanta daga baya. Nemi mutum biyu ko uku da kuke kwas ɗaya, ku riƙa haɗuwa ranar Asabar, domin wanda ya san ana jiransa ya fi jin kunyar fashi. Ga mazajen malamai mata kuma ina da roƙo: sa'ar nan da matarka ke karatu, ka ɗauke mata yaran. Ladan yana nan, amfanin kuma gidanka zai fara shigowa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a cikin nasihata. Duk jingar da aka ba ka a kwas, ka yi ta a kan ajinka na gaske. In an ce ka tsara darasi da na'ura, kada ka ƙirƙiro wata makaranta mai yara ashirin da wuta dare da rana. Ɗauki darasin da za ka koyar ranar Talata, da yaranka yadda suke, da waya ɗaya da kake da ita. Ka tsara, ka kai aji, ka ga inda ya rushe, ka rubuta abin da ya faru, ka miƙa wa malaminka haka. Wataƙila hoton ya yi ƙanƙanta 'yan baya ba su gani ba. Wataƙila Turancin mai magana a bidiyon ya yi wa yara sauri, sai da ka kashe muryar ka yi bayanin da bakinka. Wataƙila caji ya ƙare a tsakiya, ka gane cewa kowane darasin na'ura yana buƙatar shiri na biyu a aljihu. Wannan shi ne ilimin, kuma babu littafin da zai ba ka shi, don marubucin bai san ajinka ba. Malamai biyu za su iya zama a kwas ɗaya, su fito da maki ɗaya, ɗaya ya koma makaranta ya zama wani mutum daban, ɗayan ya koma da takarda kawai. Abin da ya raba su shi ne wanda ya kai jingarsa aji.

Saboda haka nake jin takaici in na ga malami ya kai jingarsa shagon intanet ya biya yaro ya yi masa. A kwas na koyon na'ura fa! Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, sai a ba ta tambaya a kwafe amsa a miƙa. Ban ce ku guje ta ba. Ku koye ta, ku sa ta kawo muku misalai, ta tsara muku tambayoyi, ta sauƙaƙa muku rubutu mai tsauri. Amma ku sani tana kawo ƙarya cikin kyakkyawan lafazi, tana ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, kuma Hausarta sau da yawa ba ta zauna ba. Wanda ya san darasinsa ne kaɗai zai kama ta in ta kauce. Kuma gobe ɗalibanku za su kawo muku aikin da ita ta yi musu. Da wane ido za ku dube su in ku ma haka kuka samu taku takardar?

Mu dawo kan tambayar farko, ta wuta da cunkoso. Gaskiya ce, akwai abin da ya fi ƙarfin malami, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta gina ajujuwa, ta ɗauki malamai, ta biya su a kan kari. Kada ku daina faɗa. Amma a cikin wannan hali ma akwai abin yi. Ƙaramin faifan sola yana cajin waya. Ƙaramar lasifika mai batir tana kai murya ƙarshen aji. Akwai manhajoji irin Kolibri da aka gina musamman don wuraren da babu intanet. Ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin darussa na Nigeria Learning Passport a 2022, kyauta. Ana iya raba aji rukuni-rukuni, waya tana zagayawa, sauran suna aiki a littafi. Hasali ma, malamin da ya koyi tsara darasi a cikin rashi ya fi gwanancewa, don dole ta sa shi ya tambayi kansa ko wannan minti biyar na batir ya cancanci a kashe shi a nan.

Akwai kuma giɓin da ku ne kaɗai za ku cike shi. Ku nemi bayanin lissafin firamare ko kimiyyar ƙaramar sakandare da Hausa mai kyau a intanet, ku ga yadda yake da ƙaranci in aka kwatanta da yawan masu jin harshen daga Kano zuwa Damagaram, daga Kumasi zuwa Sudan. Yaro ya fi saurin kama sabon abu da harshen da yake tunani da shi. In kwas ya koya maka ɗaukar murya da yanka bidiyo, to ka yi bayanin minti biyar kan darasin da ka fi gwanancewa, da Hausar da yaro zai fahimta, ka tura wa iyaye. Ka sa allon rubutu na Hausa a wayarka, ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda suke, don abin da malami ya rubuta shi yara ke ɗauka daidai ne. Ka bincika kowace magana kafin ka saki, domin kuskuren da ka yi a allo ana goge shi kafin a tashi, wanda ka tura a waya kuwa zai yi ta yawo shekaru da muryarka.

Yaran nan amana ne a hannunmu, kuma na'ura ta ƙara wa amanar nauyi. Kada ka ɗauki hoton yaro ka sa a Facebook ko TikTok ba da yardar iyayensa ba, balle bidiyon da ya yi kuskure ana dariya. Kada ka watsa sakamakon jarrabawa da sunaye a zauren da kowa ke gani. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, amma tun kafin doka tarbiyyarmu ta hana tona asirin yaro. Malami namiji kada ya buɗe hirar sirri da ɗalibarsa a waya da sunan darasi. Duk abin da za a aika, a aika ta zauren da iyaye ko hukumar makaranta ke ciki. Wannan kariya ce gare ta, kariya ce gare ka. Wayarka kuma, in ba aikin darasi take yi ba, ta zauna a aljihu har a buga ƙararrawa. Yara suna ganin malamin da ya ba su rubutu ya koma kujera yana latse-latse, kuma suna koyon wannan fiye da abin da ke allo.

In Allah ya sa kun gama kun koma makarantunku, ku shiga da ladabi. Za ku tarar da dattijon malami da bai san inda ake kunna kwamfuta ba, amma ya shekara talatin yana koya wa yara karatu, ya san daga fuskar yaro ko ya gane ko bai gane ba. Abin da ke kansa ya fi abin da ke wayarka tsada. Ka zauna kusa da shi, ka ce: “Malam, wane darasi ne ya fi ba yara wuya a ajinka?” In ya faɗa maka, ka je ka nemo abin da zai taimaka, ka kawo masa, ka riƙe masa na'urar shi ya yi bayanin. Ta haka ake buɗe ɗakin kwamfutar nan da ke kulle, don hedimasta ba zai ba da makulli ga wanda ya zo yana nuna ya fi kowa sani ba, amma zai ba wanda manyan malamai suka yi wa shaida. Abin da ka koya kuma kada ka ɓoye shi don a riƙa nemanka. Ka ware rabin sa'a a mako ka nuna wa abokan aikinka abu ɗaya, su gwada, su dawo su gaya maka yadda ta kaya.

Ƙannena, ba sai kun jira an turo ku bita ba. A wannan zangon, kowannenku ya zaɓi darasi ɗaya da yaransa suka saba faɗuwa a kansa, ya rubuta shi a bangon littafin shirin darasinsa, ya nemi fom na kwas ɗin da aljihunsa zai ɗauka, ya shiga da wannan darasi a hannu. Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a cikin yaran da aka damƙa muku.